Yadda Kwallina Ya Kama Ɓarawon Dambu

Ku matso kusa, na baya ya jawo tabarmarsa, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, don in na fara ba na son a katse ni. Abubuwa da yawa sun zube mini a hanya, har jikokina sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nema. Amma akwai abu guda da ba zan manta ba har ranar da za a ɗaure mini haɓa, wato ƙazafin da aka yi mini na satar dambun naman da na yi da hannuna, a birnin Riyad, a gidan ɗan da na haifa.

A shekarun nan ne da soja suka karɓi mulki daga hannun farar hula a gida. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, sai dai in ce Likita, yana aiki a wani asibiti a can, ya aiko aka kai ni na zauna da su a unguwar Badi'a. Gida ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, sai dai ba tsakar gida, ba kaza, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta tambayi kwanan mutum. Da rana ta take garin yakan mutu murus. Kantuna a rufe, titi ba kowa, sai gurnanin na'urar sanyi, kowa ya shige ɗaki ƙailula. Ku riƙe maganar ƙailular nan, za mu dawo kanta.

A gidan akwai Likita, da matarsa surukata, mace mai haƙuri da saurin dariya, da 'yarsu, jikata kuma takwarata. Sai direba, wani dattijo mutumin Maraɗi, da ke kwana a ɗakin bakin ƙofa. Takwarata an kai ta ƙasar tun tana famfara, saboda haka Larabci ya fi zama a bakinta. In ta yi Hausa sai ka ji kamar an dafa shinkafa ba ta gama nuna ba, tana ciyuwa amma da ɗan tsakuwa-tsakuwa.

A wannan shekara ta shiga jami'a, ɓangaren mata, amma ba a bar ta ta fara karatun gaske ba tukuna. Wai sai ta yi shekara guda ta share fage, ana jiƙa su da Turanci da lissafi da kemistiri, wato ilimin haɗa sinadarai, sannan a ƙarshen shekara kowace yarinya ta zaɓi hanyar da za ta bi, ubanta ya sa hannu. Ta gaya mini malamai maza ba sa shiga ajinsu, ta cikin talabijin suke koyarwa. Na tambaye ta yadda malami zai zane ɗaliba daga cikin akwati, ta ce ba a zane kowa. Tun daga ranar na daina jin tausayinta.

To, wata malamarsu 'yar Masar ta ba su labarin wasu mutane masu binciken laifi, waɗanda za a kai musu silin gashi, ko ɗigon jini, ko kofin da aka sha guba da shi, su shiga ɗakin kwalabe su fito su ce wane ne ya aikata. Ta ce ƙofar wannan aiki ita ce kemistiri. Shi ke nan, magana ta shiga kan yarinya ta zauna. Uban kuwa tun tana rarrafe ya gama ɗinka mata farar rigar likita a zuciyarsa.

"Mamana," haka yake kiranta saboda sunana da ta ci, "ban kawo ki ƙasar nan don ki zama 'yar sanda mai kwalabe ba. Likitanci za ki yi, halas, magana ta ƙare."

"Ya Baba, wallahi ilimi ne!"

"Ilimin bin sawun ɓarayi. A garinmu ma akwai masu yi, ba su je jami'a ba."

Haka aka yi ta ja, har lokacin mai da takardar zaɓen hanya ya matso, takarda tana ajiye a kan talabijin ba sa hannu.

Yanzu ga inda dambu ya shigo. Da babbar Salla na karɓi cinyoyin ragon layya, na dafa, na daka, na soya da man gyaɗan da na zo da shi daga gida, na cika langa guda fal, na kuma haɗa yajinsa a 'yar kwalba. Ban ko gama sanin daɗinsa ba Likita ya ɗaura mini abin nan mai matse damtse, ya kalli allurarsa, ya girgiza kai.

"Hajiya, jininki ya hau. Daga yau ba gishiri, ba mai, ba jan nama."

Ya ɗauki langata da kwalbar yajina ya ɗora su can saman kabad ɗin kicin, inda ko da sanda ba zan kai ba. Aka koma dafa mini wani abu fari fat, mai ɗanɗanon ruwan wanke tukunya. Na ci hakanan, don ɗan fari ba a ja-in-ja da shi a gaban matarsa.

Wata rana surukata za ta yi baƙi, matan 'yan'uwanmu daga unguwar Nasiriyya, ta hau kujera ta sauko da langa don ta ɗebar musu. Sai muka ji salati daga kicin. Dambu ya yi rabi, yaji ma ya ragu. Da aka zauna cin abinci ta kawo maganar, kowa ya kalli kowa. Direba ba ya shiga kicin. Surukata ba ta cin yaji. Yarinya ta rantse da Larabci da Hausa. Sai Likita ya ajiye cokali, ya gyara tabarau, ya dube ni da fuskar tausayi.

"Hajiya, don Allah ki taimake ni in taimake ki. Lafiyarki nake ji."

Jama'a, ni da gwiwata ba ta barina in tashi daga sallaya sai na dafa bango, ni ce wai na hau kujera! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kallon da surukata ta yi mini, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Takwarata ce ta yi magana. "Ba Kaka ba ce. Ni zan iya gano wanda ya ci."

Uban ya yi dariya har da buga cinya. "Da kemistirin shekarar share fage? To na ji. Ranar Asabar za a mai da takardar can. In iliminki ya kama ɓarawon dambu kafin nan, da hujjar da zan gani da idona, na sa miki hannu a kemistiri. In bai kama ba, likitanci, kuma kada in ƙara jin maganar."

"Wallahi, ya Baba?"

"Wallahi. Ga uwarki ga Hajiya shaida."

Da na san abin da na sani daga baya, da na ce ban taɓa ganin mutum ya haƙa wa kansa rami da fara'a irin wannan ba.

Gwajinta na farko abin kunya ne. Ta ce duk yatsan da ya taɓa abu yana barin zanensa da gumi da maiƙo, sai dai ido ba ya gani, sai an barbaɗa gari ya manne. Ta ɗauko hodar uwarta ta zazzaga a murfin langa. Murfi fari, hoda fara, ga shi duk mutanen gidan sun taɓa murfin nan, yatsa kan yatsa. Ba abin da ya fito sai atishawa. Likita ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu yana cewa, "Yalla, shugabar 'yan sanda, wa za mu ɗaure?"

Da yamma ta shigo ɗakina ta kife a kan gado tana kuka. Ni kuwa ban iya lallashi ba, sai na ci gaba da abin da nake yi, ina zizara kwalli a gaban madubi. Na gyara madubin da hannun da na taɓa tandun kwalli, tabon yatsana ya fito baƙi a jikinsa. Ban ankara ba sai na ji kukan ya tsaya. Ta taso ta ƙura wa madubi ido, hancinta kamar zai taɓa shi.

"Kaka, wannan garin me ne?"

"Kwalli ne, 'yar Larabawan ƙarya. Shi ma sai an fassara miki?"

"Baƙi ne, kuma ya fi hoda laushi. Ina ake samun mai yawa?"

Washegari muka sa abaya direba ya kai mu kasuwar Dira, cikin lungunan nan na bayan tsohuwar ganuwa, inda ƙamshin turare da na kayan yaji ke shaƙe mutum. Muka sayi kwalli mai laushi a wurin wata tsohuwa. Da muka dawo Likita yana asibiti. A gaban uwarta ta goge murfin langa da kwalbar yaji da ruwan nan da ake goge wurin allura, har suna ƙyalli, ta shafe saman dambun da bayan cokali ya kwanta sumul, ta sa safar hannu ta mai da komai saman kabad. Ta ce kada wanda ya taɓa, kada kuma wanda ya faɗa.

Sai ta ce kafin tarko ya kama, tana son zanen yatsan kowa. A nan ne na ji ni ma yau ranata ce. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma dangwale kam na yi shi a wurin zaɓe, na yi a ofishin fasfo, na yi a wurin iƙama, takardar zaman ƙasar. Na miƙa babban yatsana da alfahari. Ta shafa mini kwalli, na danna a farar takarda. Abin da ya fito kamar an dangwala tuwo, ba zane ko ɗaya. Ta sake, haka. Ta juya hannuna ta duba, ta ce daka da wanki da surfe sun cinye mini zanen yatsu. Sai na tuna yadda ma'aikacin fasfo ya yi ta murza mini yatsa yana tsaki. Na surukata ya fito ras, kamar nadin gammo. Da aka kira direba kuwa, yana ganin takarda da baƙin abu sai ya ja da baya yana lalube aljihu.

"Hajiya, iƙamata lafiya lau take, wallahi ba ta mutu ba! Me na yi za a kai ni tarhil?"

Tarhil shi ne inda ake tara waɗanda za a kora gida. Sai da na rantse masa cewa maganar dambu ce kafin ya miƙa yatsa, yana cewa shi rabonsa da dambu tun Maraɗi.

Saura mutum ɗaya, Likita. Da aka kai masa takarda ya ɗaga hannuwansa sama kamar za a shafa masa kashi.

"Ni? Shekarun da na yi ina karatu ai don kada in yi dangwale ne. Ni sa hannu nake yi. Kuma alƙali ba ya shiga layin waɗanda ake tuhuma."

Ranar Laraba, bayan an tashi daga ƙailula Likita ya koma asibiti, yarinya ta hau kujera. Saman dambun nan da ta shafe sumul ya zama rami. Ashe lokacin da kowa ke barcin ƙailula ɓarawo yake aikinsa. Ta sauko da kaya da safar hannu, ta ɗebi kwalli da burushin hoda ta shafa a murfi a hankali. Ba komai. Murfi fes. Ɓarawon nan ya yi karatu, da hankici ya buɗe. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sai ta juya ta kalli kwalbar yaji.

Ku saurara da kyau. Mutum zai iya tuna hankici lokacin da yake buɗe langa, hankalinsa na jikinsa. Amma in dambuna ya riga ya shiga baki, hannu ya yi maiƙo, rai ya ce a ƙara yaji, ba mai tuna hankici. Tana shafa kwalli a jikin kwalba sai ga babban yatsa ya fito baƙi ƙirin, zane bayan zane. Ta manna salatef a kai, ta ɗaga, ta liƙa a farar takarda. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta duba, ta gwada da na uwarta, ta gwada da na direba. Ba ko ɗaya.

"Kaka, duba. Akwai wani layi da ya ratsa shi a karkace, kamar an yanka."

Na karɓi gilashi na duba. Na san layin nan. Ni na ɗaure shi da tsumma. Wata babbar Salla ce, Likita yana yaro, ba a daɗe da yi masa kaciya ba, ya saci wuƙar ubansa ya je zai yanki tsoka a jikin ragon da aka rataye, wuƙa ta zame. Ashe hali yana bin mutum har ƙasa mai tsarki, har cikin farar riga.

Na riƙe bakina. In na faɗa, zai ce tsohuwa ce ta gane ɗanta, ba ilimin yarinya ba ne ya kama shi, alkawari ya tashi. Sannan kuma, duk abin da ya yi mini, uwa ba ta nuna ɗan farinta da yatsa. Na miƙa mata gilashinta na ce idona ba ya gani sosai. Ta zauna ta yi tagumi.

"Saura Baba, shi kuma ya ƙi."

"Ya ƙi dangwale," na ce, ina gyara ɗankwali. "Ban dai taɓa ganin ya ƙi shayin la'asar ba."

Ta ɗago ta dube ni, na dubi bango.

Ranar Alhamis ita ta dafa shayi, ta goge ɗan kofin gilashin nan har yana ɗaukar ido, ta kawo a faranti tare da cincin mai maiƙo. Likita ya ci, ya sha, har yana yaba mata, yana cewa hannun nan hannun likita ne. Ta ɗauke faranti da ladabi ta wuce ɗakinta ba kicin ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafa, ta share tsakiyar leda ta shimfiɗa farar takarda. Salatef biyu a jere, ɗaya daga kwalbar yaji, ɗaya daga kofin shayi. Ta miƙa wa uban gilashin ƙara girma da hannu biyu. Ta nuna masa inda zane ya rabu biyu a nan, ya rabu biyu a can, inda ya tsaya a nan, ya tsaya a can, sannan ta nuna layin da ya ratsa duka biyun. Likita ya duba ya daɗe. Na ga ya lanƙwasa babban yatsansa ya cusa cikin tafin hannu.

"Kwalbar gidana ce. Ni na ɗora ta a can tun farko."

"Na goge ta bayan nan, ya Baba. A gaban Mama."

Surukata ta gyaɗa kai, ta toshe baki da mayafi.

Ya yi gyaran murya. "To. A matsayina na likita, dole in san yawan gishirin da ke cikin abin da Hajiya take sha'awa. Ɗanɗanawa na yi."

A nan ne na manta da kunyar ɗan fari. Na ce, "Rabin langa, Likita? Gishirin ya ƙi bayyana ne?"

Surukata ta tashi da gudu ta shige kicin, muna jin ta tana shiƙa kamar mai shaƙuwa. Amma Likita bai yi dariya ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya miƙe ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yarinya ta dube ni, sai a lokacin ta gane abin da ta yi: ta kunyata ubanta a gaban matarsa da uwarsa, kuma hannun da ta kama shi ne hannun da take jira ya sa mata hannu. Ta ce a hankali, "Kaka, na ɓata?" Ni ma ban sani ba. Namiji in ya ji kunya, ba ka sanin ta inda zai fito.

Can sai ƙofa ta buɗe. Ya fito da alƙalami. Ya ɗauko takardar nan daga kan talabijin, ya karanta ta tun daga sama kamar bai taɓa ganinta ba, ya sa hannu a inda aka rubuta kemistiri. Sannan ya jawo tandun kwallina, ya shafa a babban yatsansa, ya danna a gefen farar takardarta, kusa da salatef biyun nan.

"Ajiye wannan, Mamana. Gaba in kina nemana, kada ki wahalar da kofin shayi. Aikin ya yi tsabta. Wa ya koya miki goge wuri kafin ki kafa tarko?"

Ta faɗa jikinsa tana kuka da Larabci. Shi kuma ya zo ya durƙusa a gabana, yatsa baƙi, ya ce, "Hajiya, a yafe mini."

Na ce, "Satar na yafe tun kana yaro. Ƙazafin kuwa sai an sauko mini da langata."

Aka sauko da ita. Ina miƙa hannu sai takwarata, wadda na ba kwallina, na raka ta Dira da ciwon gwiwa, ta riƙe murfin ta ce wai a kemistiri ma an koya musu abin da gishiri ke yi wa jini, cokali ɗaya kawai za a ba ni. Ku ji butulci.

Direba ya yi shekarunsa ya koma Maraɗi lafiya, ya buɗe shagon gyaran taya, kuma har ya bar gidan in ya ga yarinya da farar takarda sai ya canza hanya. Surukata tana nan, har yau in aka ambaci gishiri a gabanta sai ta nemi mayafi. Likita ya yi ritaya ya dawo gida, jininsa ya hau, yanzu shi ake dafa wa abin nan fari fat, ni kuwa nakan aika a tambaye shi ko yana bukatar mai ɗanɗana masa. Takwarata ta gama kemistiri, ta tafi wata ƙasa ta ƙaro karatun binciken laifi, yanzu tana aiki a ɗakin kwalabe, alƙalai na jiran abin da za ta ce. Takardar nan mai yatsu uku tana rataye a bangonta cikin gilashi. Ni kuma ga ni, hawan jinin bai kashe ni ba, dambun ma bai kashe ni ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da hannunka ya taɓa yana riƙe da labarinka, ko kai ka manta. Kuma in ka kai yaro makaranta, ka shirya, don ba ka san ranar da zai gwada karatun a kanka ba. In ranar ta zo, ka yi abin da Likita ya yi a ƙarshe, ka fito da alƙalami. Na gama, a miƙo mini ruwa.